Ranar da Hassan Ya Girmi Hussaina da Shekara Biyu

Jama'a, in kun ji an ce an ga wani magidanci yau da hantsi kwance a gefen hanyar Runka, ƙafafu a sama, ɗaurin shuci a kan ƙirji, kada ku wahalar da kanku da tambaya, ni ne. Ni Armaya'u tela, wanda tun da na tashi ban taɓa ɗaukar abin da ya fi kan keken ɗinki nauyi ba. Guguwa ce ta riske ni da kaya a ka, ta juya ni yadda ta ga dama, ta ajiye ni cikin ƙaya. Wasu masu tallar nono suka tsaya a kaina, maimakon sannu sai ɗaya ta ce, "Baba, ɗaki za a baibaye?" Na ce mata ba ɗaki ba ne, ladan girman da 'yata ta yi ne, shekara biyu cikin yini ɗaya. Suka dubi juna, suka gyara ƙorensu, suka ƙara sauri. Ban ga laifinsu ba. Amma ku da kuke da haƙurin karatu, bari in warware muku.

Allah Ya ba ni tagwaye, Hassan da Hussaina. Rana ɗaya aka haife su, a ɗaki ɗaya, shekarar da aka yi ƙanƙarar nan da ta kashe wa mutanen Tsaskiya zabi. Duk wanda ya taɓa zama da 'yan biyu ya san sharaɗinsu: abin da ka ba ɗaya sai ka ba ɗaya. In na yanka wa Hassan 'yar shara, daga yadin nan zan fitar wa Hussaina riga. Akushi ɗaya suke ci, tabarma ɗaya suke kwana, in aka mari ɗaya su biyu ke kuka. Maƙwabcina Barau mahauci har tsoronsu yake ji. Ya ce tagwaye in ransu ya ɓaci kunama suke aikawa, don haka in ya ba Hassan tsoka sai ya auna ta a hannu kafin ya miƙa wa Hussaina tata. Ni dai shekara bakwai ina zaune da su ban ga sun aika ko kiyashi ba, aikinsu kawai cinye mini ƙuli-ƙuli.

To, makarantar elemantare ta ƙauyenmu, nan tsakanin Batsari da Safana, iskar ƙarshen damina ta ɗauke mata jinka. Tun daga nan yara ke zaune tsakanin bango huɗu, sama a buɗe. Malam Hashimu, malaminsu, bawan Allah mai haƙuri, rabin aikinsa karantarwa ne, rabi kuwa matsar da yara su bi inuwar bango. An yi mana alkawarin kwano. Da kwanon ya yi nisa aka yi mana alkawarin azara. Da azarar ma ta gaji a hanya aka yi mana alkawarin za a zo a duba, kuma Allah Ya saka musu da alheri, wannan alkawarin sun cika shi.

Wanda ya zo dubawar wani babba ne daga birni. Ba zan kama sunansa ba, don ina da iyali. Mu dai a nan Mai Girma Sarkin Kunne muke ce masa, za ku ji dalili. Ya iso a kan keke sabo fil, da gajeren wando da doguwar safa, da malafar Turawa a ka, ga mutum biyu na gudu a bayansa, ɗaya riƙe da jaka, ɗaya riƙe da famfon keken. An ce bai daɗe da dawowa daga kwas ba, inda ya zauna da Turawa har ya ga yadda suke cin abinci. Ya leƙa makarantar, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya tabbatar mana cewa lalle babu rufi. Muka yi masa godiya da wannan bayani.

Sannan ya ce a kawo yara, za a ɗauki sababbin 'yan makaranta. Da yawa sun ɓoye nasu a rumbu, ni kuwa na kawo nawa da ƙafata, don na ga amfanin ajin manya da na shiga, ga shi har ina damunku a jarida. Uwar Biyu, wato matata Atika, da ta ji za a je gaban manya, sai ta zaunar da Hussaina ta yi mata kitson doka, irin mai tudun nan a tsakar ka da ake cusa wa tsumma a ciki don ya tashi. Ba ta yi rowar tsumma ba. Ƙyallayen shagona na wata guda ta kwashe, har yarinya sai ta sunkuya take shiga ƙofar ɗaki.

Ashe yadda ake gane shekarun yaro a hukumance shi ne a ce ya ɗora hannun dama bisa kansa ya taɓo kunnen hagu. In ya taɓa, shekararsa bakwai, ya isa makaranta. In bai taɓa ba, ya koma gindin uwarsa. Aka zo kan Hassan. Shi da ma dogon hannu gare shi, ga kunnuwa irin na dangin uwarsa, tun kafin hannun ya gama sauka kunnen ya taryo shi.

"Bakwai," in ji Mai Girma. "Na gaba."

Hussaina ta matso, ta ɗaga ɗan hannunta. Hannu ya hau tudu, ya kai ƙololuwa, ya tsaya nan yana lilo. Ta yi miƙa, ta ɗage dunduniya, ta cije leɓe. Ina! Tsakanin yatsanta da kunne ko tafin hannuna zai shige.

"Biyar. A dawo da ita bayan shekara biyu."

Na durƙusa. Na ce, "Ranka ya daɗe, Allah Ya ƙara girma, ai tagwaye ne. Rana ɗaya aka haife su."

Ya dube ni ta ƙarƙashin malafa. "Wa ya fara fitowa?"

"Hassan, ranka ya daɗe."

"To ka gani? Kai da bakinka ka ce ya girme ta."

"Ranka ya daɗe, ai tsakaninsu bai fi a sha kunu a ajiye ludayi ba."

"Wannan lissafinka ne," in ji shi. "Mu awo muke bi, awo kuma ba ya son kai."

Na ce to a ba ni izini in kwance kitson a sake gwadawa. Ya ce awon shekaru sau ɗaya ake yin sa a shekara, in aka sake wa 'yar tela, gobe 'yar maƙeri ma sai ta ce a sake mata. Na yaba da wannan adalci, na kamo hannun 'yata muka taho. Hassan kuwa aka tura shi cikin bango huɗun nan, yana tafiya yana waiwaye.

A nan wasa ya ƙare a gidana. Washegari Hassan ya tafi makaranta da kuka, Hussaina ta bi shi har bakin bango, aka hana ta shiga. Ba ta dawo gida ba. Ta sami wata 'yar kafa a jikin bangon inda ƙasa ta zube, ta zauna a rana, ta kafa ido ɗaya a wurin. Haka kullum. Aka zuba mata tuwo ita kaɗai, ta dube shi ta kau da kai. In Hassan ya dawo ya ce ta zo su ci, sai ta ce ai shi babba ne, ya ci da manya. Yarinyar da surutunta ke hana ni jin ƙarar keken ɗinkina ta koma sai ta yini ba ta ce uffan ba. Kafin mako ya zagayo, rigar da na ɗinka mata daidai jiki ta soma yi mata yawa. Ni tela ne, ba sai an gaya mini abin da wannan ke nufi ba, kuma wallahi tsoro ya kama ni.

Uwar Biyu ta ce, "Malam, kai ka kai su. Ka je ka karɓo mini shekarun ɗiyata inda ka baro su."

Na ce, "Wa ya cusa mata shagona a ka?"

Sai ta ɗauki Gambo, ƙanensu mai rarrafe, ta saɓa a baya ta shige madafa. Ranar miyata ba gishiri.

Na je wurin Malam Hashimu. Ya ce shi kansa abin na damunsa, har yakan ɗaga murya in yana karantarwa don ta bakin kafar nan ta ji, amma ba shi da ikon ƙara wa kowa shekara. Na ɗauki Iya Kande, ungozomar da ta yanke musu cibi, muka bi Mai Girma har masaukinsa a Safana. Aka ce yana hutawa. Muka koma, aka ce ya tashi amma yana tunani. Muka sake komawa, mai riƙe famfo ya ce a bar saƙo. Iya Kande ta ce, "Ka ce mashi ni na tarbe su da hannuna wanga, ko awon nashi ya fi ni sanin abin da na gani?" Mai famfo ya ce zai isar, in an sami lokaci.

Ana cikin haka sai ga shela. Mai Girma ya samo dabarar rufe makaranta ba tare da an taɓa aljihun hukuma ba. Wai Turawa suna da wata al'ada, duk shekara in ranar da aka haifi yaro ta zagayo sai a yi masa biki, a kunna masa wuta a kan abinci ya hure, jama'a su kawo kyauta. To mu ma za a yi wa ɗan makaranta ɗaya irin wannan a madadin sauran, kowane gida ya kawo ɗaurin shuci da kaza, gidan mai bikin kuma shi zai fara. Har wani Bature zai zo ya gani da idonsa. Da abin da aka tara za a yi jinka.

Barau ya same ni a shago, ya zauna a kan buhun auduga. "Tela, mi nike ji? Wai sunan yaro za a riƙa maimaitawa duk shekara?"

Na ce, "Haka aka ce."

"Da rago?"

"Babu rago. Wuta ake hurewa."

Ya ɓata fuska, abin bai yi masa daɗi ba a matsayinsa na mahauci. Can ya ce, "To mu da muka san an haifi yaro shekarar fari ko shekarar ƙanƙara, ina za mu gano ranar?"

Na ce kada ya damu, hukumar da ta iya gano shekara a kunne, rana ba za ta gagare ta ba. Kuma haka aka yi. Aka duba aka ga ranar da ta fi dacewa da tafiyar Bature ita ce Alhamis, saboda haka aka yanke cewa ranar Alhamis ɗin nan aka haifi yaron. Da aka zo zaɓen yaro kuwa, wa za a ɗauka in ba wanda ubansa ke iya ɗinka masa sabuwar riga kyauta ba? Aka ce Hassan.

Shuci ya taru, dami a kan dami, aka jibge shi a ƙasa bayan makaranta, ya yi kwana da kwanaki a nan cikin zafin bazara. Da biki ya matso sai aka tuna Bature ba ya zama a rana. Aka kwashi shucin kaf aka yi wata rumfa a gaban makarantar, rumfar da ban taɓa ganin mai kyanta ba. Aka nemi kyandir aka rasa, aka ce a kunna fitila, ni uban mai biki in kawo kananzir. Kun dai san halin da ake ciki da kananzir bana. Na bi layi a kanti ranar kasuwar Batsari tun hantsi har azahar, ina gani ana shigar da garwa-garwa ta ƙofar baya zuwa gidajen da ba a bin layi, da aka zo kaina aka ɗiga mini abin da bai cika kwalbar turare ba.

Alhamis ta zo. Aka yanke kajin gari, ƙamshi ya tashi har Darini. Yara suka jeru a rana suna ta maimaita waƙar maraba, manya suka jeru a inuwar shucin yara. Muka jira har la'asar ta kawo kai, sannan wani ya iso a kan doki da saƙo cewa Bature ya gaishe mu, hanya ba kyau, sai wani jiƙon. Mai Girma ya ce ba komai, shi zai wakilce shi. Ya fara da wakiltarsa a kan kajin, shi da mutanensa, kuma in gaskiya za a faɗa, ko Baturen da kansa ba zai yi aikin da ya fi haka ba.

Sannan aka ɗora Hassan a kan kujera gaban tebur. An jera waina an yi tsibi da ita, an dasa 'yar fitila a samanta tana ci da kananzir ɗina. Mai Girma ya yi jawabi a kan ci gaba, ya zaro alewa guda ɗaya daga aljihu ya miƙa wa yaron, ya ce ya karɓa ya hure wuta.

Hassan ya mai da hannuwansa baya. Ya ce, "Ina ta Hussaina?"

Mai Girma ya yi murmushin manya ya ce, "Yaro, Hussaina ba yau aka haife ta ba."

"La ilaha illallahu!" in ji Iya Kande daga cikin mata. "To yaushe na koma na ɗauko ta?"

Hussaina na tsaye a bakin rumfa, riƙe da zanen uwarta. Uwar Biyu, don ta nuna ba ta yi nadama ba, ta sake yi mata dokar, har ta fi ta farko tsawo. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ido kawai ta zuba wa Mai Girma, idon nan da ya faɗa saboda rashin ci. Barau ya matso kusa da kunnena ya ce, "Tela, ka ga kallon ga? Ni dai na ɗauke ƙafafuna daga ƙasa."

Bai rufe baki ba sai ga wani abu ya faɗo daga rufin rumfa, tim, a kan tebur, gefen waina. Kunama ce, baƙa, ƙosasshiya. Ta ɗaga ƙari, ta yi ɗan jim kamar mai tambayar hanya, ta miƙe sak wajen Mai Girma.

"Ta aiko!" in ji wani daga baya. Nan take manyan gari suka tuna suna da uzuri a waje.

Yanzu fa, tsakanina da ku, duk wanda ya taɓa jibge shuci a ƙasa da bazara ya san abin da ke shiga cikinsa. Ni ma na sani. Amma ranar sai na ga ba a tambaye ni ba, na ninke ilmina na sa a aljihu.

Mai Girma ya ja da baya yana cewa wannan camfi ne, mutumin da ya yi kwas ba ya... Barau ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi hattara, ba su aiken ɗaya. Su biyu ne." Allah da ikonSa, hayaniyar masu gudu ta girgiza rumfa, ta biyun ta faɗo, ta sauka daram a kan malafar Turawa.

Ban san mutum mai doguwar safa na iya tsalle haka ba. Kafin a ce wani abu yana bisa benci, malafa na can tana gangarawa wajen masu kalangu. A nan na gane kwas bai wanke komai ba, shi ma a tsakar gida irin namu ya yi rarrafe, kakarsa ta ba shi labarin 'yan biyu kamar kowa.

"Ina yarinyar?" in ji shi daga kan benci. "A kawo ta! An buɗe awo na musamman!"

Aka kawo Hussaina. Ya ce, "'Yata, taɓa kunnenki." Ta dube shi, ta ɗaga hannun dama, ba ta ko nufi tudun kitso ba, ta kama kunnenta na dama da ke nan kusa.

"Ta taɓa!" in ji Mai Girma. "Kowa ya shaida. Bakwai cif!"

Muka shaida. Barau ya sa takalmi ya gama da baƙin biyu, yana ba su haƙuri. Aka lalubo alewa ta biyu a aljihun da aka ce babu. Hassan ya matsa mata a kan kujera, ta hau, suka haɗa kai suka hure fitila tare. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki waina, ta raba biyu, ta ba shi rabi, ta cinye rabi. Ta sake ɗaukar wata. Ina tsaye ina kallon muƙamuƙinta na motsi, sai na ji hawaye na bin gemuna, ban kuma ɓoye ba. Uwar Biyu ta dube ni ta ce, "Ka ga amfanin kitson ke nan." Ban gane amfanin ba, amma na ce haka ne.

Da aka watse Malam Hashimu ya biyo ni yana sosa ƙeya. Ya ce in yi haƙuri, saƙo ne aka ba shi: tunda yanzu masu bikin sun zama biyu, gidana ɗaurin shuci biyu ne a kansa, saura ɗaya. Shi ne wanda guguwa ta kayar da ni da shi yau. Da na kai, na ce ga na jinka, aka ce a'a, a kai rumfa, akwai inda masu gudu suka yage. Rumfar ba za a taɓa ta ba, don Bature na iya zuwa kowane lokaci. A yanzu awakin gari ne ke wakiltarsa a ciki.

Makaranta kuwa tana nan yadda Mai Girma ya tabbatar, babu rufi, ga hadari ya soma haɗuwa a gabas. Na leƙa ta 'yar kafar nan da 'yata ta yi makonni tana leƙe, na hango su su biyu a inuwar bango, allo ɗaya a kan gwiwoyinsu, tana ƙwace masa alli tana surutu har Malam Hashimu na cewa ta yi shiru. Ban taɓa jin daɗin a tsawata wa 'yata irin na yau ba.

Af, na kusa mantawa. Da na dawo gida na cire ƙaya daga jikina, sai na ɗauko rawanina na Sallah na naɗa shi da kyau, na ɗora hannun dama a bisa, na nemi kunnen hagu. Jama'a, bai kai ba. Saboda haka ina sanar da masu zuwa karɓar haraji bana, cikin ladabi da biyayya, cewa bisa awon da ba ya son kai, shekarata biyar. A dawo bayan shekara biyu.